Goyon da Na Bayar da Bakina

Aikin duba makarantu na yi a ƙasar Gumel, tun gashina yana baƙi har ya yi fari, kuma mafi yawan wannan aiki a kan babur na yi shi. A wancan zamani kwalta ɗaya ce, wadda ta ratsa gari ta wuce. Da zarar ka sauka daga kanta sai rairayi. Na san hanyar Sule Tankarkar, na san ta Gagarawa, na san ƙauyukan da ke bayan Maigatari har inda ƙasarmu ta ƙare. Na san inda yashi yake riƙe taya da inda yake sakinta. Idan na doshi ƙauye, ƙarar injina takan riga ni isa makaranta, malamai su gyara zaman huluna, yara su natsu. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya fahimci cewa idan ana zancen babur a zuriyarmu, akwai wanda ya dace a fara ambata, kuma ba a Maigatari yake zaune ba.

Wanda yake zaune a Maigatari surukin babban ɗana ne, wato mahaifin matarsa. Dillalin shanu ne a kasuwar Alhamis, mutum mai faɗin ƙirji da yawan dariya, wanda rabin kalmominsa na tsallaken iyaka ne. Babur ma moto yake ce masa. A iya sanina bai taɓa riƙe kan babur da hannunsa ba. Kullum a baya ake ɗauko shi, ya cika kujera da babbar riga. Ba ni da abin zargi a kansa. Yana da kyauta, yana da zumunci, ya kuma ba ’yarsa tarbiyya. Sai dai da aka haifi jikana na fari, a gidansa aka yi wankan jego kamar yadda aka saba a haihuwar fari, ɗana kuma ya ga ya kyautu ya sa wa yaron sunan surukinsa. Na yi addu’a, na ci goron suna. Tun daga ranar yaron ya zama yana da kakanni maza biyu, amma takwara ɗaya.

Alhaji, wato surukin nan, bai yi wasa da haƙƙin takwara ba. Da yaron ya gama sakandare sai ya aiko masa da sabon babur, ƙarami, irin wanda ’yan acaɓa suke hawa. A ƙofar gidana aka sauke shi daga mota, maƙwabta suka taru suna sa albarka, suna yaba hannun Alhaji. Ni na durƙusa na duba sarƙa da birki, na ce kada a matsa wa injin sai ya saba. Babu wanda ya tambaye ni, amma na faɗa.

A shekarun nan samarin garinmu sun ɗauki ɗabi’ar tsere a kan titi, musamman ranakun ɗaurin aure, har aka yi ta samun karaya. Da abin ya yi yawa sai masu hankali daga cikinsu suka kafa ƙungiya, suka nemi izinin hukuma, aka riƙa rufe musu wani yanki na kwalta a bayan gari, ta wajen hanyar Gagarawa, da safiya, lokaci-lokaci a cikin shekara. Suka yi wa kansu dokoki: ƙaramin babur kaɗai, girman inji ɗaya ga kowa, kuma babu mai hawa sai da hular kwano da rufaffen takalmi. Suka kuma ƙirƙiro wata al’ada da ta sa iyaye suka sassauta musu. Wanda duk ya zo na ɗaya zai ɗauki dattijo guda na gidansu a bayansa, ya zaga gari da shi a hankali, sauran mahaya suna biye a jere. Goyon albarka suke ce masa.

Na ga wannan goyo tun kafin jikana ya shiga tseren. Ina zaune a ƙofar gida da hantsi sai ga ayarin babura, a gaba wani saurayi ya goyo mahaifinsa, wani tela da na sani tun yana koyon ɗinki. Mutumin yana ɗaga hannu hagu da dama, mata suna leƙe ta saman katanga suna guɗa. Na ce da na kusa da ni, wannan ai wasan yara ne. Amma na bi ayarin da ido har ya sha kwana, kuma abincin ranar nan bai yi mini daɗi ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗaukar mutane a baya, malamai da marasa lafiya da duk wanda na tarar a hanya rana tana dukansa, ba a taɓa zaga gari da ni ba.

Jikana ya shiga ƙungiyar ba tare da ya sanar da ni ba. Na sani ne ranar da ya shigo zaure yana ɗingishi, gwiwarsa a naɗe. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, mu ma muna yin namu. Tsoho yake ce mini, ni kuma in ce masa ɓarawon mata, domin kakarsa tun yana zanen goyo take kiransa angonta.

“Tsoho, kana nan?”

“Ina nan, ɓarawon mata. Wa ya yi maka wannan aiki a gwiwa? Ko mijin wata ne ya ritsa ka?”

“Kwana ce ta ritsa ni. Iska ta kwaso yashi ta shimfiɗa a kai, na kama birki, sai ganin kaina na yi ina kallon sama.”

“Na gaba ka kama ko na baya?”

“Duka biyun.”

“To ka gode wa Allah da ka zo da ƙafarka. Takwaran naka bai gaya maka ba a kama birki a kan yashi ba?”

“Haba Tsoho, Alhajin da ko tayar da shi bai iya ba? Shi dai ya ce in na ci zai yanka mini sa.”

“Sai ka je san ya koya maka.”

Ya yi dariya har ya manta da ciwon, sannan ya zauna a gefen tabarmata, ya sauke murya, ya ce in koya masa. Washegari mahaifinsa ya zo ya roƙe ni in hana shi wannan tsere, domin ya san yaron yana jin maganata. Na ce zan duba. Da na duba sai na ga cewa yaron da aka hana yakan koma tseren ɓoye, wanda ba kwano ba doka, kuma wannan hujja ce ta gaskiya, ita na ba mahaifinsa. Amma akwai wata hujjar da ban ba shi ba: na riga na hango kaina a kan kujerar baya.

Da gwiwar ta warke muka fara fita da sassafe, in an sauko daga masallaci gari ya yi haske. Yakan goya ni zuwa wata tsohuwar hanyar rairayi a bayan Gagarawa Tasha, wadda nake bi a da kafin a yi kwalta. Wannan ba shi ne goyon da nake nufi ba. A lokacin babu kowa a hanya sai matan rugage masu kai nono, su kuwa ba su san ni ba. In mun isa sai in sauka in tsaya a ƙarƙashin wata aduwa, shi kuma ya yi ta kai da komo. Na koya masa ya ja jikinsa baya, ya sassauta riƙon kan babur ya bar shi ya yi rawarsa, kada ya saki totur, kada kuma ya kalli yashin, ya kalli inda yake son ya fita. Da farko ya faɗi, ya sake faɗuwa, yana tashi yana karkaɗe wando yana cewa ƙasar kakansa ce take gaishe shi. Ba a daɗe ba ya daina faɗuwa. Abin da ya ci mini shekaru da tabo a ƙauri, shi a cikin ’yan makwanni ya ɗauke shi, har ya ƙara da wani salo na kwantar da babur wanda ban taɓa gwadawa ba. Nakan ce masa, “Da saura.” A raina kuwa ina jin wani abu mai ɗaci yana gauraye da farin ciki, domin ni ban taɓa hawa don gudu ba. Kullum da jakar takardu a bayana nake, da lokacin da zan isa, da girman da zan kiyaye.

In ya gaji yakan zo ya zauna a gindin aduwar ya ba ni labarin tseren kwalta, wanda ni ban sani ba. Ya ce tun da injuna duk ɗaya ne, ƙananan abubuwa ne suke raba na gaba da na baya. Mutum zai kwanta a kan tanki, haɓarsa a ƙasa, ya matse gwiwar hannu, domin kada iska ta sami abin kamawa. Zai liƙe wa na gabansa har tayarsa ta kusa taɓa ta wancan, ya bar shi ya sha iska a madadinsa, sai an zo ƙarshe ya fito ta gefe ya wuce. Ya ce shi ya sa ya rage tuwon dare, abin da ya sa kakarsa take cewa za a ce ba ta iya riƙon ango ba.

“Ba ka jin tsoro?” na tambaye shi.

“Kafin a sauke tuta ƙafata har rawa take yi, Tsoho. Da an sauke kuwa ba na jin komai sai injina da na wanda yake bayana. In na ji nasa ya canja murya na san zai fito.”

Sai na tambaya kamar abin bai dame ni ba: “To in Allah ya ba ka, wa za ka goya?”

“Amaryata mana. Ku tsofaffi ku bi mu a ƙasa.”

Ya san ba a goya mata a wannan al’ada, ya dai kauce ne. Ban sake tambaya ba. Mutum mai shekaruna ba ya roƙon kujera a wurin jikansa.

Ranar tseren ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da gonaki suke tsirara, iska tana yawo da ƙasa yadda ta ga dama. Na sa farar rigata ta Juma’a da hular da nake ajiyewa don taro. An kafa rumfa kusa da kwanar nan da ta taɓa kayar da yaron, domin daga nan ana ganin kwanar, ana kuma ganin layin ƙarshe a miƙe. Ban daɗe da zama ba sai ga Alhaji ya sauka daga mota da mutanensa, har da wani maroƙi da ya taho da shi. Aka ajiye masa kujera a gefen tawa. Muka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, kowa yana tambayar gidan kowa har awaki.

“Malam, ka ga yaronmu?” ya ce, yana nuna inda mahaya suke jere. “Ni ya ɗauko, wallahi. Da ina yaro babu mai kama ni a kan jaki daga rijiya zuwa gida.”

“Haka ne, Alhaji. Sai dai jaki ba shi da giya.”

“Yana da ita, Malam, a wutsiya take! In ka murɗa sai ka ga gudu.”

Mutanensa suka kwashe da dariya, ni ma na yi murmushi gwargwadon abin da ya kamata. Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Mahayan sun kai ashirin ko kusa da haka, daga garinmu da Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Tsarin shi ne su miƙe har inda aka ajiye wasu gangunan ƙarfe, su zagaye su, su dawo ta kwanar da muke, haka har a cika zagayen da aka yanka. Da aka sauke tuta ƙarar ta tashi kamar an taɓa amyar zuma. A zagayen farko ban ma gane shi ba, duk sun kwanta a kan tankuna, kawuna a cikin kwano. Daga baya na gane shi da jan ƙyallen da kakarsa ta ɗaura masa a hannu. Yana cikin ’yan gaba amma ba shi ne a gaba ba. Ya liƙe wa wani dogon yaro ɗan Sule Tankarkar, wasu biyu kuma sun ɗan ba su rata. Alhaji yana ta ihu, “Wuce shi, takwara! Me kake jira?” Ni na san abin da yake jira, na kuwa bar Alhaji da ihunsa.

’Yan ƙungiya sun share kwanar tun da safe, amma ana cikin tseren iska ta taso daga gabas, ta fara jan yashi daga gona tana shimfiɗa shi a kan kwalta. Kafin zagayen ƙarshe ya yi wani harshe mai faɗi a daidai tsakiyar kwanar. Na gan shi sarai daga rumfa. Biyun da suke gaba suka iso, na farko ya kama birki, babur ɗinsa ya yi wutsiya, ya fita gefen titi yana jan ƙafa. Na biyu ya rage gudu don kada ya hau shi. Sai ga jikana. Na ga ya ja jikinsa baya, na ga hannayensa sun saki, kan babur ɗin yana rawa yana barinsa, ƙarar injin kuwa ba ta sauka ba ko kaɗan. Ya ratsa yashin kamar ba ya nan, ya wuce su duka ukun. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Wannan zama da wannan riƙo nawa ne, a gindin aduwa na ba shi su, kuma duk cikin taron nan ni kaɗai na san haka, sai shi.

Ɗan Sule Tankarkar bai bar shi ba. Ya biyo sawunsa ta cikin yashin, ya liƙe masa a miƙaƙƙen titi, yana neman ya yi masa abin da shi ya yi niyyar yi. Dab da layi ya fito ta dama, suka jera, har na kasa tantancewa. Mai tuta ne ya nuna jikana. An ce da abin da bai kai faɗin taya ba ya riga shi.

Filin ya ɗauki sunan yaron. Samari suna kiransa, maroƙin nan yana kiransa yana jan shi, yana haɗa shi da kasuwar shanu da iyakar ƙasa. Sunan kuwa na Alhaji ne. Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana juyawa, mutane suna zuwa suna yi masa barka, wasu ma su wuce ni ba su lura ba. Wani ya ce masa, “Alhaji, ka ga yadda ya bi ta yashin nan?” Ya ce, “Ai mu mutanen rairayi ne.” Na koma na zauna, na gyara rigata.

Can sai taron ya buɗe, yaron ya turo babur ɗin har bakin rumfa. Ya cire kwano, gumi ya jiƙe masa kai. Ya durƙusa a tsakanin kujerun biyu, muka sa masa albarka. Shugaban ƙungiyar ya matso da kwano na biyu a hannu ya ce, “Ranku ya daɗe, wa za a goya?” Yaron ya dubi Alhaji, ya dube ni, kuma ina da yaƙinin cewa a kaina idonsa ya fi daɗewa.

A nan wajibi ne in yi bayanin yadda aka rene mu, domin na lura ’yan yanzu ba su san shi ba. Idan abu na girma ya faɗo tsakanin mutum biyu, mai gari ba ya miƙa hannu ya ɗauka. Yakan yi wa baƙo tayi. Baƙo kuma ya ƙi, ya ce ai ba a yi haka ba. Mai gari ya sake, baƙo ya rantse. Sannan mai gari ya karɓa kamar an tilasta masa. Da haka baƙo ya sami girman tayi, mai gari ya sami abinsa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Wannan ita ce kara, kuma ban taɓa ganin ta ci amanar wanda ya yi ta ba. A Gumel muke, ni ne mai gari, yaron ɗan ɗana ne, a gidana ya tashi. Saboda haka na juya na ce, da murya yadda kowa zai ji:

“Alhaji, bisimilla. Takwaranka ne, kai ka saya masa abin hawan.”

Na riga na shirya jumlata ta biyu, har na ɗan gyara ƙafa don miƙewa.

“Dakor, Malam,” in ji Alhaji, wato “na yarda” a bakin mutanen tsallaken iyaka. “Allah ya saka da alheri.”

Ya tattara babbar rigarsa, ya cire hula ya miƙa wa maroƙinsa, ya karɓi kwanon. Yaron ya dube ni, bakinsa a ɗan buɗe. Na ɗaga masa kai alamar ya tafi, domin maganar da dattijo ya yi a gaban jama’a ba ta komawa ciki. Sai da mutum biyu suka taimaka kafin Alhaji ya daidaita a kan kujerar, ƙaramin babur ɗin ya nutse a ƙarƙashinsa. Suka tashi, sauran mahaya suka bi su a jere.

Wani tsohon malami da na taɓa dubawa ya ce zai kai ni gida a motarsa. Hanya ɗaya ce ta shiga gari, saboda haka muka faɗa a bayan ayarin, muna tafiya da tafiyarsu. Ta gilashi nake hangen rigar Alhaji ta cika da iska, hannunsa ɗaya a kafaɗar jikana, ɗayan a sama. Aka bi ta bakin kasuwa, aka bi ta gaban makarantar da na fara koyarwa, aka shiga unguwarmu. A ƙofar gidana mata sun fito, na kuma ji guɗar matata a cikinsu, domin na san muryarta. Malamin da yake tuƙi ya ce, “Ranka ya daɗe, yau kam kun ga rana.” Na ce masa haka ne.

Da yamma, bayan baƙi sun watse, matata Hajiya ta kawo mini fura ta zauna.

“Malam, tun da ka dawo ba ka ce uffan ba. Angona ya ci, kai kuma kamar an yi maka sata.”

“Ba a yi mini sata ba.”

“An ce kai ka ba shi da bakinka.”

“Tayi na yi masa.”

“To ai ya karɓa.”

“Ba a karɓa a tayin farko, Hajiya. Ke ma kin sani.”

“A nan ne ba a karɓa. Shi dillali ne, Malam. In an sallama masa ba ya tsayawa mai kaya ya sake tunani.”

Na sha furar, ban ji ɗanɗanonta ba.

Washegari da hantsi yaron ya zo, ya jingine babur a ƙofar zaure, ya shigo da kwano biyu. Bai ce Tsoho ba, Malam ya ce, na kuwa gane daga nan cewa kakarsa ta yi masa magana.

“Ni kai na zo ɗauka jiya. Kai ka ce in ɗauke shi.”

“Na ce. Da ka tsaya kaɗan, da ka ji abin da zai biyo baya.”

“To ni ina zan sani? In ka ce mini kada in kama birki, ba na kamawa. In ka ce ɗauki Alhaji, sai in ɗauka. Tashi mu zaga yanzu, ka ga gari ya cika.”

Bakina ya fara cewa a bar shi, sai na tuna da wanda nake magana, na haɗiye. Na cire hulata na sa a aljihu, na sa kwanon, na hau. Ya bi da ni hanyar jiya, a hankali, yadda ya kamata. Babu ayari, babu guɗa, amma mutane suna ganinsa suna ɗaga hannu, na fara jin sanyi a raina. Da muka zo wajen masu shayi na bakin tasha sai wani ya ɗaga murya ya ce, “A’a, Alhaji! Ba ka koma Maigatari ba? Goyon bai ishe ka ba?” Na kusa da shi suka amsa, “Alhaji ikon Allah!”

Na taɓa kafaɗar yaron ya tsaya. Na sauka, na cire kwanon, na mai da hulata. Masu shayin suka gane ni, suka shiga gaishe ni da sunan aikina. Na ce wa yaron mu ci gaba a haka.

“Ba kwano ba na ɗaukar kowa, Tsoho. Doka ce. Kai da kanka ka ce saboda dokar ka bar ni.”

Gaskiyarsa ce, ban yi masa gardama ba. Muka dawo gida a ƙasa, yana tura babur, ina gefensa hannuna a bayana. Duk wanda muka wuce ya san ko ni wane ne, ya kuma san ko shi jikan wane ne. Amma tafiya ce, ba goyo ba, kuma ban yaudari kaina a kan haka ba.

Sa ɗin da Alhaji ya yi alkawari an yanka shi, an aiko mana da cinya guda, na ci, domin nama ba shi da laifi. Yanzu an ce tsere na gaba a wajen Maigatari za a yi shi, in ruwa ya ɗauke. Muna nan muna fita da sassafe ni da yaron, ya fara koyon yadda zai tsare gefensa na dama a miƙaƙƙen titi. In Allah ya sake ba shi, a can ni ne baƙo, Alhaji ne mai gari. Na riga na yanke abin da zan ce da zarar ya yi mini tayi, kalma ɗaya ce, kuma a wurinsa na koye ta. Abin da yake hana ni sakewa shi ne, duk tsawon zaman surukuntarmu, in ban da goro, ban tuna ranar da Alhaji ya yi wa wani tayi ba.